Damin da Ban Kai Ba

A ƙauyenmu, gabas da Dungas, in ka tambayi gidana da sunana na yanka za a daɗe ana duban juna. Amma ka ce gidan Ɗan Barno, ko mace mai daka za ta nuna maka da taɓarya. Sunan nan shi ne a takardar haihuwata, shi ne a katina, shi ne kuma abin da na fara roƙon malamarmu ta karatun manya ta koya mini rubutawa, tun hannuna bai saba da riƙon alli ba.

Masu sunan suna da yawa. Akwai su a Magariya, akwai a Kwaya, akwai a ƙetaren iyaka wajen Babura da Gumel, kuma ba duka muka san juna ba. Abin da aka gaya mana tun muna yara shi ne, wani mutum ya taso daga gabas da jakuna ɗauke da kanwa, ya sauka a Dungas, ruwan garin ya karɓe shi, ya zauna. Aka ce ya bar ƴaƴa maza biyu. Babban ya gaji gidan cikin gari, ƙaramin ya fita daji ya sari gona. Zuriyar babban su ne babban gida, inda Baffa yake maigida yanzu. Ƙaramin shi ne kakan ubana.

Na yi alfahari da sunan nan. Akwai wani Bafillace da yake yi mini kiwon shanuna biyu, duk inda ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga sanda ya ce, "Kai Babarbare, bawana! Zo ka riƙe mini takalmi." Ni kuma in ce, "Ɗan daji, wa ya bar ka ka shigo gari ba ka wanke ƙafa ba?" Mu yi dariya, mu raba goro. Wasan Fulani da Barebari ke nan, kuma duk lokacin da ya zage ni sai in ji ya ƙara tabbatar mini da ko ni wane ne.

Muna da wata al'ada tsakaninmu da babban gida. Idan kaka ta yi, aka yanke gero, damin farko da aka ɗaure ba ya shiga rumbunmu. Na babban gida ne. Ana aza shi a amalanke har bakin gari, daga nan maigida ya sauke shi ya ɗora a kansa, ya taka da ƙafa. A ƙofar zaure ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya ajiye a gaban mai babban gida, ya durƙusa. Shi kuma ya dafa damin, ya sa albarka, ya ba da ɗan guntun kanwa. Bayan nan a kawo tuwo, a ajiye mana namu kwano daban a gefen zaure. Na ga ubana ya yi haka har wuyansa ya gaza, na karɓe shi. Ya ce mini, "Ƙane ne yake gaida wa." Ban taɓa neman ƙarin bayani ba. Kwanon da ake ware mana ma na ɗauka karramawa ce irin ta baƙo.

Baffa yana da ɗa wanda na girme shi da kaɗan, Yaya yake ce mini. Lokacin da ya ci jarrabawa aka tura shi koleji a Magariya, ni nake kai masa tsaba da ƙuli-ƙuli a kan keke, rairayi yana cinye mini taya. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, saboda haka karatunsa nake gani kamar nawa. Allah ya ɗaga shi, ya tafi Yamai, daga can ya wuce Faransa ya samu aiki. Ƴarsa ta fari ta tashi a gidan Baffa, tana koyon aikin ungozoma a Damagaram. Ɗana na fari kuma yana gyaran babura a Magariya. Ban san inda suka fara ba, sai dai uwarsa ce ta same ni wata safiya ta ce, "Yaron nan fa ya ga ƴar babban gida, ita ma ta gan shi."

Na yi murna ƙwarai. Tuwona maina. Na ce wannan ai ba neman aure ba ne, ɗauko abu ne daga wannan ɗaki a kai wancan. Kunya ba ta bari uba ya je da kansa, sai na roƙi limaminmu da wani maƙwabcina suka kai ƙwaryar goro. Da suka dawo, liman ya ce an karɓe su da fara'a, amma Baffa ya ce a dakata sai uban yarinya ya zo gida. Ban ga aibu a ciki ba. Na ce wa ɗana ya yi haƙuri, abin da yake naka ba ya wuce ka.

Da bazara ƙanen nawa, ɗan Baffa, ya zo. Har gida ya same ni da mota, ya zauna a tabarmata, ya sha furar matata, ya ce rabonsa da irinta tun yana koleji. Ya ga allona na makaranta a jingine ya ɗauka ya duba.

"Yaya, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne. Kaza ta yi tonon ƙasa, ko?"

"Wallahi ya fi na likita kyau."

Muka yi dariya. Sai ya buɗe jaka ya fito da wasu ƴan kwalabe, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba. Ya ce yana wani bincike a kan sunanmu. A can inda yake, in ji shi, an tambaye shi ko Ɗan Barno mutanen Nijar ne, ko na Najeriya, ko na Cadi, ya rasa amsa, abin ya dame shi. Ya ce yanzu akwai gwajin da ake yi da yawun mutum, wanda yake bin jinin maza daga uba zuwa ɗa kamar yadda suna yake bi, har ya nuna ƙasar da kakanni suka fito. Shi yana ce masa a-de-en. Mu muka sa masa suna gwajin yawu. Ya ce ya karɓi na mahaifinsa, ya karɓi na wasu masu sunanmu a Babura, saura na gidan gona.

Na ce, "Yawu kuma? Wanda ake tofarwa a ƙasa akuya ta taka?"

"Shi fa. Ka tofa har ya kai wannan zanen."

Bakina ya bushe saboda zafi, sai da na yi ta tunanin tsamiya kafin kwalbar ta cika. Matata tana bakin murhu tana dariya, tana cewa yau ta ga abin da ya fi ƙarfin maigida. Da na gama ya toshe, ya ba ni biro ya ce in rubuta sunana da hannuna a takardar da ke jikin kwalbar. Na zauna na zana shi a hankali, harafi bayan harafi. Shi ne karo na farko da na sa hannu a wani abu ba da dangwalen yatsa ba.

Kafin ya shiga mota na ɗan ja shi gefe na ce, "Maganar yaran nan fa?"

Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yaya, bari in koma in dawo da kaka. Sakamakon nan kuma, in ya fito, kai zan fara kira."

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman fari. Muna cikin maimai, ranar nan da hantsi, na hango babur ya tsaya a bakin gona. Ɗana ne, kuma ba ranar zuwansa ba ce. Bai gaishe ni yadda ya saba ba. Ya ce, "Baba, zo ka ji." Muka koma gindin gawo. Ya ce akwai wani zaure na waya da dangi suke da shi, na gida da na waje, kowa yana jefa magana kowa ya ji. Ni wayata ƙarama ce, ba na ciki. Ya latsa, sai ga muryar ƙanena, a natse, kamar mai karanta labarai a rediyo.

Ya yi sallama, ya gaida manya. Ya ce sakamako ya fito. Na mahaifinsa da na mutanen Babura sun haɗu, asalinsu wajen tafkin Cadi ne, kamar yadda aka saba faɗa. Sannan ya ce, "Na gidan gona kuwa bai haɗu da namu ba ko ta ina. Nasu ya nuna kudu, can cikin duwatsu. Wannan ya tabbatar da abin da manyanmu suka daɗe da sani. Ba mu ƙi kowa ba, zama tare yana nan, amma ya kamata kowa ya san matsayinsa."

Na ce ya sake sawa. Ya sake. A ƙarƙashin maganar akwai amsoshin mutane, wasu suna cewa Allah ya saka da alheri, wata kuma da na ɗauki makarar uwarta ranar da ta rasu ta ce dama ita ta san a rina.

Ɗana ya ce, "Mene ne abin da manya suka daɗe da sani?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya na faɗa.

Mutum ɗaya ya rage a gidanmu da zai iya sani, Gwaggo, yayar ubana. Idonta ya tafi amma kanta garau yake. Na same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na gaya mata abin da na ji. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Can ta ce, "Wa ya aike ka tofa yawu a kwalba?"

"Ɗan'uwana ne ya roƙa, Gwaggo."

"Ɗan'uwanka." Ta jefa ɓawo gefe. "To zauna, tunda sun tone."

Ta ce ɗa ɗaya mai kanwa ya haifa. Ɗayan yaro ne da ya saya a kasuwar Damagaram, da kanwa aka biya. An kamo shi daga kudu bai wuce shekarun kiwon awaki ba. Ya tashi a gidan, ya yi sallah, ya yi biyayya, har maigidan ya so shi. Da mutuwa ta matso, ya ƴanta shi, ya aurar da shi, ya nuna masa dajin da zai sara, ya bar masa sunansa. Amma ɗan cikinsa ya sa sharaɗi: kowace kaka damin farko ya zo a ka, ƙafa ba takalmi, don kada a manta wanda ya ba da ƙasar da wanda aka ba.

Ta ce, "Na riske shi da tsufansa. Gajere ne, baƙi, mai yawan shiru. In ya yi tuntuɓe yakan faɗi wata kalma, ba Hausa ba, ba Barbarci ba. Mukan yi ta maimaita ta muna dariya. Yanzu ko kashe ni za a yi ba zan tuna ta ba."

"Ubana ya sani?"

"Ya sani. Shi ya hana a gaya muku. Ya ce in ku ba ku sani ba, su kuma suka yi shiru, jikoki za su tashi ba wanda ya sani, magana ta mutu. Baffanka ya yi masa alkawari a gabana, hannu cikin hannu."

Ban ji zafin kasancewata jikan wanda aka saya ba kamar yadda na zata. Yaron bai sayar da kansa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton kaina ina ratsa Dungas da dami a ka, ina gaisawa da mutane, ina jin daɗi, tsofaffin gari suna kallona sun san abin da nake ɗauke da shi, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na jira kiran da aka yi mini alkawari. Gero ya yi ciki, ya fid da kai, kira bai zo ba. Daga ƙarshe na hau kabu-kabu na je Magariya wurin ɗana, na ce ya nemo mini ƙanen nawa a waya. Da ya ɗauka, muryarsa ta yi fara'a kamar ba abin da ya faru.

"Yaya! Ina gajiya? Ya damina?"

"Damina alhamdu lillahi. Tambaya ɗaya gare ni."

"Yaya, in maganar nan ce, ba ni na faɗa ba. Gwaji ne. Na'ura ba ta san kowa ba."

"Ba da na'ura nake ba. Ranar da ka zauna a tabarmata ka ba ni kwalba, ka riga ka sani?"

Ya gyara murya. Sannan ya ce, "Baba ya gaya mini ranar da kuka aiko da goro."

"To me ya hana ka ce mini ba za ka ba ɗana ƴarka ba? Ƴarka ce. Da na haɗiye, na ba shi haƙuri."

"Da mutane sun ce mun wulaƙanta dangi, Yaya. Sai da hujja."

Na ce, "Shi ya sa ka zo ka karɓi hujjar daga bakina."

Ya fara wata magana a kan zamani da yadda shi kansa bai yarda da irin waɗannan abubuwa ba, amma tsoho ne ya matsa. Na miƙa wa ɗana wayar. Ban zage shi ba. Ko a zuci na nemi zagin na rasa, keken nan kawai nake gani da buhun tsaba a baya.

Ɗana ya nuna mini hoton sakamakon, don an jefa shi a zauren kowa ya gani. Taswira ce, an shafa wa wani yanki launi, can ƙasa da Bauci. Ba sunan gari, ba sunan kowa. A sama ga sunana, wanda na iya karantawa da kaina. Na daɗe ina duban launin. A wani wuri cikinsa wata uwa ta aiki ɗanta ko ta bar shi yana wasa, bai dawo ba. Tana da sunan da take kiransa, kuma duk bincikensu bai kawo mini shi ba.

Liman bai haƙura ba. Ya koma wurin Baffa shi kaɗai, ya gaya masa wanda aka ƴanta ɗa ne, kuma addini bai hana wannan aure ba. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Malam, gaskiyarka. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Bayan ƴan kwanaki aka dawo mana da ƙwaryarmu, an zuba sabon goro a ciki daidai wanda muka kai, an rufe da faifai. Matata ta buɗe, ta mayar ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Yarinyar, na ji, ta yi kuka ta ƙi zuwa hutu. Ɗana kuwa ya kwashe kayan aikinsa ya ƙetara Babura. Ya ce ba zai iya zama inda duk mai kawo gyara ya ji muryar nan ba.

Magana ta gama gari. Ba wanda ya faɗa mini baƙa a ido. Amma ranar kasuwa na hango Bafillacen nan, na shirya masa amsa tun daga nesa. Da ya iso sai ya sauke sanda, ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, an wuni lafiya? Ya iyali?" Ya tambayi lafiyar Gwaggo, ya ce shanu suna nan ƙalau, ya wuce. Don kada ya ɓata mini rai ya yi, na sani. Duk da haka gaisuwar nan ta fi muryar waya yi mini ciwo.

Kaka ta zo da albarka. Muka yanke gero, na ɗaure damin farko da hannuna kamar kullum, don hannu ya riga ya saba. Na jingine shi a gindin rumbu. Kowace safiya in wuce shi, shi yana nan, ni ina nan. Matata ba ta tambaya ba. Sauran dammuna suka shige rumbu, aka rufe, shi kaɗai ya rage a waje, kaji suna tsattsagar gefensa.

Ranar kasuwar Dungas na kai wake. Ina tsaye wurin masu awo sai na ji an ce, "Kai, ba a gaisuwa?" Baffa ne, da sandarsa da farar rigarsa, mutane biyu suna biye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, don ya girmi ubana da matsayi ko bai girme shi da haihuwa ba. Ya amsa, ya tambayi amfanin gona. Sannan ya rage murya kaɗan, ba sosai ba, ya ce, "Bana ba mu ga dami ba. Ko wuyan ne ya fara ciwo? In haka ne ka aiko yaro."

Na dube shi. Babu izgili a fuskarsa. Da gaske yake tambaya, kamar mai neman abinsa da aka manta ba a kawo ba.

Na ce, "Baffa, wuya lafiya lau. Dami ma yana nan. Ina so ne ku gaya mini na mene ne, don in san abin da nake ɗauka."

"Na abin da aka saba."

"In na zumunci ne, zumuncin an dawo mini da shi a ƙwarya, yana ƙarƙashin gado. In kuma na fansa ne, kakan ubana ya kai, kakana ya kai, ubana ya kai, na kai. Wane irin yaro ne wannan da har yau ba a gama biyan kuɗinsa ba?"

Masu awo suka tsaya da tiya a hannu. Ɗaya daga cikin masu binsa ya ce, "Kai, da Alhaji kake magana!" Na ce na sani, shi ya sa nake durƙushe. Baffa ya juya ya tafi. Na miƙe na karkaɗe gwiwa, na ƙarasa awon wakena.

Da na koma gida na kwance damin da kaina. Matata ta sussuke, ta casa, ta daka, washegari ta dama fura. Na kai wa Gwaggo ƙwaryar farko, na gaya mata ta wane gero ce. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta kurɓa, ta daɗe tana juya ta a baki.

Ta ce, "Tun da aka haife ni ban taɓa ɗanɗana na farko ba." Ta sake kurɓa. "Ashe ba shi da bambanci da sauran."

Ɗana ya aiko cewa zai je meri, ofishin magajin gari, a cire sunan daga takardunsa. Ban hana shi ba, ban kuma ce ya yi ba. Har yanzu bai yi aure ba, kuma in ya zo gida ba ya bi ta cikin Dungas, ta bayan gari yake zagayowa. Ni a makaranta, in malama ta ce kowa ya rubuta sunansa a saman shafi, ina rubuta nawa da na ubana, in tsaya. Rannan ta leƙo ta ce, "Baba, ka bar wuri, ko ka manta sauran?" Na ce ban manta ba, malama, a bar shi haka tukuna.